Takardun Shaidata da Ƙirgen Goma

Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin magatakardar kotu a Jinja, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa kama kuskuren kwanan wata ko ɗaya a littafina ba. Na fara da wannan bayani ne domin kada mai karatu ya ɗauka abin da ke tafe ƙagen maƙiya ne. Ni na rubuta shi da hannuna, a daidai lokacin da yake faruwa, kuma a kaina ya faru.

Bayan na yi ritaya, sai na lura cewa samari da 'yan mata suna taruwa kowace yamma a filin da ke bayan gidana, bakwai a nan bakwai a can, suna jefa wa juna faifan roba. Wasan faifai ke nan, wanda 'yan boko ke kira altimet. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne babu mai rubuta sakamako. Na fito da kujera da littafi, na cike wannan giɓi ba tare da an roƙe ni ba. Suka riƙa kirana Muze, kamar yadda ake kiran kowane dattijo, kuma suka saba da ni har wani lokaci sukan jefo mini faifan don girmamawa. Littafina ya nuna cewa cikin shekara shida an jefo mini shi sau arba'in da ɗaya, na cafe tara. Uku daga cikin taran da ƙirji na tare su.

A watan Maris hukumar wasanni ta fitar da sanarwa. Duk wasan da bai kafa tarayya ta ƙasa mai rajista ba kafin Asabar ɗin ƙarshe ta watan Yuni, ba zai tura 'yan wasa gasar nahiya da tutar ƙasa ba. Abu uku ake bukata: kundin tsarin mulki, da zaɓaɓɓen shugaba, da rubutaccen bayanin taro wanda wakiliyar hukuma ta sa wa hannu. Ƙungiyoyi tara ne a ƙasar, kuma babu wanda ya taɓa rubuta abin da ya wuce saƙon waya a cikinsu. Na miƙe a bakin fili na ce su kwantar da hankalinsu. Na ce zan rubuta musu kundin da ƙasashen duniya za su zo su kwafa, kuma na bar su su fahimci da kansu wanda ya dace ya zama shugaba.

Dabarata mai girma ita ce wannan. A wasan faifai babu alƙali, 'yan wasa su ke yanke wa kansu hukunci, kuma ban taɓa ganin an ba hammata iska a filinsu ba, alhali a kotu mai alƙali uku na gani. Saboda haka na yanke shawarar a gudanar da taron tarayya da dokokin fili, kalma da kalma. Sashe na uku ya ce babu shugaban taro, wanda faifai ke hannunsa shi kaɗai maganarsa ke shiga littafi. Sashe na huɗu ya ce mai riƙe da faifai ba ya ɗaga ƙafa daga inda yake. Sashe na biyar ya ce kowa na iya tsayawa gabansa ya ƙirga goma, idan goma ta cika faifai na hannunsa, ya koma hannun mai ƙirga. Sashe na shida ya ce idan wani ya ce bai yarda ba, faifai ya koma ga wanda ya jefo shi, a soke duk abin da aka faɗa a tsakani. Sashe na bakwai ya ce wanda ya bari faifai ya taɓa ƙasa ya rasa bakin magana, har da na gardama, sai an gama batun.

Sai sashe na tara, wanda ya zama dole in faɗi gaskiya a kansa. Ya ce duk mai neman shugabanci ya miƙe da faifai a hannu, ya faɗi cikakken sunansa da dukan muƙamansa da takardun shaidarsa, kada ya bar ko ɗaya. Na rubuta shi ne saboda Sista Filda Lamunu, ungozoma daga Gulu, kyaftin ɗin tawagar ƙasa, wadda na ji ana raɗe-raɗin matasa suna so. Takardar shaida ɗaya gare ta. Ina so wakilai su ji tata, su ji nawa, su auna da kansu. Sashe na biyar kuwa bai dame ni ba, domin na tabbata babu ɗan da aka yi wa tarbiyya da zai tsaya gaban mai shekara sittin da bakwai yana masa ƙirge.

Na aika wa ƙungiyoyi kundin, shafi sittin da huɗu. Duka suka amince da shi ta waya cikin kwana biyu, abin da ya nuna mini ba su karanta ba. Mutum ɗaya ne ya karanta shi daga bango zuwa bango: Byekwaso, ɗan acaba, wakilin wata ƙungiya ta Kampala, wanda ke da dogon lokacin zaman jiran fasinja.

Matata Tolofisa ta ce mini da safen ranar taro, tana ɗaure ganyen ayaba a kan tukunyar matoke, wato tuwon ɗanyar ayaba, "Baban Kagoya, wannan kwat ɗin ta bikin Kagoya ce. Zaɓe za ka je ko ɗaurin aure?"

Na ce, "Da yamma za ki kira ni Shugaba."

Ta ce, "Da yamma zan kira ka ka kwashe tukwane."

An hallara a wani zauren coci ƙarfe tara daidai, wakilai goma sha takwas. Wakiliyar hukuma, Madam Kemigisa, ta zauna a gaba da fayil da agogo. Ta ce yau ce ranar ƙarshe, kuma ƙarfe huɗu daidai za ta rufe fayil ta hau motar Kampala, da sa hannu ko babu. Na ce mata kafin goma da rabi za ta kama hanya.

Katikis Emorut, malamin coci kuma wakilin Soroti, ya buɗe taro da addu'a, faifai a hannunsa. Sashe na biyu ya keɓe addu'a daga ƙirge, don haka ya yi minti goma sha ɗaya. Da aka ce amin ya ɗora mini faifan a hannu. Na gyara tabarau, na buɗe jawabina mai shafi ashirin da biyu a kan mumbari, kusa da littafin bayanin taro, wanda shi ma ni ke rubutawa.

"Mai girma wakiliyar hukuma, masu girma wakilan ƙungiyoyi, tun lokacin da ɗan Adam ya fara..."

"Ɗaya," in ji wata murya a gabana. Byekwaso ne, ya buɗe hannuwa kamar yadda ake tsare mai jifa a fili. "Biyu."

Na ce, "Byekwaso, me kake yi?"

"Uku. Sashe na biyar, Muze. Huɗu."

"Ni sa'an ubanka ne."

"Ka girme shi ma. Biyar. Yana gaishe ka. Shida."

"Madam, kina ganin wannan rashin kunya?"

Madam Kemigisa ta buɗe kundin, ta ce, "Ina ganin shafi na bakwai."

Goma ta cika ina kan kalmar rashin kunya. Byekwaso ya zare faifan daga hannuna da ladabi, har da rusunawa. Na ce ban yarda ba, ƙirgensa ya yi sauri. Ya ce madalla, sashe na shida ke nan, ya mayar wa Katikis Emorut. Katikis ya dubi faifan, ya dube mu, ya ce tun da an soke duk abin da aka faɗa, a fahimtarsa ba a buɗe taro ba. Ya rufe ido. Minti goma sha huɗu.

Daga nan wakilai suka gane daɗin sashe na shida. Wakilin Mbarara ya ce bai yarda a rubuta sunan Kampala a saman jerin ƙungiyoyi ba, faifai ya koma baya. Wakiliyar Kampala ta ce ba ta yarda da rashin yardarsa ba, ya sake komawa baya. Wani ya ce ƙafar wani ta motsa, wanda aka zarga ya ce sauro ya kora, aka koma baya. Kowace gardama tana mayar da faifai hannu ɗaya baya, kuma bayan kowane hannu akwai Katikis Emorut yana jira. Addu'a ta uku ta ɗauki minti tara. A ta huɗu, mai minti goma sha shida, ya roƙa wa marasa lafiya, da matafiya, da masu rubuta kundin tsarin mulki, Allah Ya ba su basira ko da daga baya ne. Amin ɗin da aka amsa ta fi ta sauran ƙarfi. Na rubuta hakan.

Madam Kemigisa ta ce, "Mista Balikowa, a wane mataki muke?"

Na ce, "Muna dab da buɗe taro, Madam."

"Sha biyu ta wuce."

"Tsari mai inganci yana ɗaukar lokaci kafin ya zauna."

"Motar Kampala ba ta san haka ba."

Ƙarfe goma sha biyu da minti arba'in faifai ya dawo hannuna, Byekwaso ya zo ya fara aikinsa. Yana kan huɗu sai ya tsaya, ya ɗaga hanci. Tolofisa da matan coci sun sauke tukwane a baranda: matoke, da miyar gyaɗa, da wake, da tuwon masara. Byekwaso ya ce, "Muze, riƙe mini huɗun nan, ina zuwa." Cikin minti ɗaya zauren ya zama babu kowa sai ni.

Na ga dama ta samu. Babu mai ƙirga. Na miƙe ƙirji na faɗa wa kujeru goma sha takwas: "Ni, Yekoyada Balikowa Mutyabule, tsohon magatakardar kotu, mai digiri a fannin shari'a, mai babbar difloma a adana takardu, mai difloma a harshen Ingilishi, mai takardar shaidar gajeren rubutu, mai takardar shaidar buga tafireta, dattijon coci, ma'ajin tarihin ƙungiyar faifai ta Jinja, ina neman shugabancin wannan tarayya." Na duba agogo don littafi: daƙiƙa goma sha huɗu. A lokacin ban ga wani abin damuwa a wannan lamba ba.

Madam Kemigisa ta leƙo ta taga da faranti a hannu. Ta ce, "Sashe na takwas, Mista Balikowa. Sai kashi biyu cikin uku na wakilai suna zaure magana ke shiga littafi. Amma ka yi kyau."

Na yi niyyar fita, sai na tuna sashe na huɗu. Na yi niyyar ajiye faifan, sai na tuna na bakwai. Na nemi wanda zan jefa wa, kowa hannunsa biyu a cikin abinci. Tolofisa ta shigo tana goge hannu da zane.

"Ajiye farantin nan ka zo ka ci."

"Ba faranti ba ne. Ikon magana ne."

"To, ikon magana, matoken ya kusa ƙarewa."

"Ba zan iya ɗaga ƙafa ba."

"Ciwon gwiwar ne ya tashi?"

"Doka ce."

"Wa ya kafa ta?"

Na shiga gyara shafukan jawabina. Ta ce da ma ta yi zaton haka, ta tambaya ko zan ara mata faifan ta rufe kwanon wake saboda ƙuda. Na tsaya minti hamsin a wuri ɗaya, na karanta jawabina duka shafi ashirin da biyu, domin ban ga dalilin barinsa ya lalace ba. Wata kaza ta shigo a shafi na tara, ta fita a na goma sha ɗaya.

Ƙarfe ɗaya da rabi aka soma ruwan sama, aka shigo da teburin abinci da sauran tukwane ƙarshen zaure. Wakilai suka dawo a ƙoshe. Byekwaso ya tsaya gabana yana sakace, ya ce, "A huɗu muka tsaya ko? Biyar." Faifan ya bar hannuna kafin in gama gyaran murya.

Sai ƙarfe biyu da rabi aka iso batun zaɓe, shi ma don Katikis Emorut ya yi barci. Byekwaso ya jefa wa Sista Lamunu. Ta cafe da hannu ɗaya ba tare da ta duba ba, ta ce, "Filda Lamunu, ungozoma, kyaftin, takardar shaida ɗaya. Ina neman shugabanci." Daƙiƙa huɗu.

Na ce ban yarda ba, diddigenta ya ɗaga.

Ta dube ni. Ta ce, "Ya ɗaga, Muze?"

Na ce a idona ya ɗaga. Aka soke maganarta. Wannan layi yana cikin littafi, kuma shi ne kaɗai layin da nake tsallakewa idan ina karantawa.

Faifai ya zo gare ni. Na ja numfashi na fara jero suna da muƙamai, Byekwaso yana ƙirga a hankali, har yana kaɗa kai kamar mai sauraron waƙa. Goma ta riske ni a kan harshen Ingilishi. A nan ne lambar goma sha huɗu ta dawo mini.

A karo na biyu na yi dabara. Na tsallake tafireta da gajeren rubutu, na kammala a kan tara, na ɗaga hannu sama. Byekwaso ya zaro ɗan littafin tarihin rayuwata da na raba wa wakilai da safe, mai hotona a bango.

"Ina tafireta, Muze?"

"An daina amfani da ita."

"Sashe na tara bai daina ba. Ya ce kada a bar ko ɗaya. Kuma a nan ka rubuta kai ka zo na ɗaya a aji. Ba za mu bari a danne maka haƙƙi ba. Ban yarda ba."

A karo na uku na saki gudu irin na mai gwanjon kifi a bakin tafki. Na wuce digiri a kan biyu, na wuce difloma biyu a kan biyar, ina shiga gajeren rubutu haƙoran robana na sama suka zame. Na tare su da hannun da ke riƙe da alƙalami. Wannan kamu bai shiga lissafi ba, tun da ba faifai ba ne, amma wakilan Gulu sun tafa. Madam Kemigisa ta ce daga digiri zuwa inda na tsaya ba ta ji kalma ko ɗaya ba, ta ji dai kamar babur ya ƙi tashi. Byekwaso ya ce fulogi ne.

Haka muka yi ta yi. Idan Sista Lamunu ta faɗi nata, in ce ban yarda ba. Idan na fara nawa, goma ta cika. Ƙarfe uku da minti talatin da biyar Madam Kemigisa ta rufe alƙalaminta, ta fara haɗa takardu.

Sista Lamunu ta tako har gaban mumbari, ba faifai a hannunta, saboda haka maganarta ba ta cancanci shiga littafi ba. Na rubuta ta duk da haka.

Ta ce, "Muze, mutum ashirin da ɗaya ke cikin tawagar nan. Shekara biyu suna gudu da asuba a filin bayan gidanka kafin su tafi aiki. Kai ka rubuta kowace safiya, ka fi ni sanin adadinsu. Ni ban damu wa zai zama shugaba ba. Ka zama, in kana iyawa. Amma saura minti ashirin da biyar."

Wani mutum mai hankali da ya janye a nan. Ni kuwa sai wata sabuwar dabara ta faɗo mini, har na yi murmushi. Na ce, "'Yata, kwantar da hankalinki. Babu sashen da ya ce a faɗi takardun a riƙo ɗaya. Zan faɗi rabi, in jefa wa Katikis, ya dawo mini da shi, ƙirge ya koma ɗaya, in faɗi sauran. Abin da ake bukata jifa ɗaya ne da kamu ɗaya."

Tolofisa ta ce daga wajen tukwane, "Baban Kagoya, tara cikin arba'in da ɗaya fa."

Na ce, "Waɗancan na wasa ne."

Aka tashi Katikis Emorut, aka ba ni faifai. Na faɗi rabin farko, na tsaya a kan bakwai, na jefa. Faifan ya tafi yana rawa kamar murfin tukunya, ya sami Katikis a haɓa, ya riƙe shi da addu'a. Abin da ban lissafa ba shi ne Katikis Emorut, a ƙuruciyarsa, shi ne mai dogon jifa na dukan gabashin ƙasa, kuma an tashe shi daga barci. Ya karkace ya saki faifan da dukan ƙarfinsa. Iskar ruwan sama da ke shigowa ta ƙofa ta ɗauke shi, ya wuce saman kaina, ya nufi ƙarshen zaure yana sauka a hankali.

Na bi shi. Shaidu sun ce ba su taɓa ganin kwat tana gudu haka ba. Na ga faifan yana gangarawa ƙarƙashin teburin abinci, na tuna yadda matasa ke shimfiɗa jiki a iska, na shimfiɗa nawa. Na shige ƙarƙashin mayafin tebur, kafaɗata ta doki ƙafarsa, tukunyar miyar gyaɗa ta biyo ni. Wandon bikin Kagoya ya yi wata ƙara da kowa ya ji.

Na fito da rarrafe, miya daga ƙeya har aljihu, faifai a hannuna.

Mayafin ya rufe komai, babu wanda ya ga abin da ya faru a ƙasa. A al'adar fili, idan aka yi shakka ko faifai ya taɓa ƙasa, wanda ya fi kusa shi ke faɗa, kuma a karɓi maganarsa.

Sista Lamunu ta ce, "Kai ka fi kusa, Muze. Abin da ka ce shi ne."

Byekwaso ya sauke hannuwansa, ya ce, "Ni ba zan yi gardama ba. Mutumin da na ga ya rubuta har kazar da ta shigo a littafinsa ba zai yi mana ƙarya ba."

Saura takarda uku da muƙami biyu, daƙiƙa bakwai, in zama ɗan takara, kuma da miyar da ke jikina ina jin da na sami ƙuri'un tausayi. Kalma ɗaya ake nema daga gare ni. Sai dai bayan na faɗe ta, ni ne zan koma mumbari in rubuta ta a littafi, da kwanan wata.

Na ce, "Ya taɓa ƙasa. Gefensa na hagu, kimanin faɗin yatsa biyu, kafin in danne shi da ciki."

Madam Kemigisa ta ce, "Sashe na bakwai. Ba ka da magana, ba ka da gardama."

Sista Lamunu ta karɓi faifan, ta goge shi da gefen mayafin tebur, ta faɗi daƙiƙoƙinta huɗu. Babu wanda ya ce bai yarda ba, domin mutum ɗaya ne ke faɗa mata tun rana, kuma doka ta rufe masa baki. Aka ɗaga hannu ƙarfe uku da minti hamsin da ɗaya. Na ƙirga goma sha takwas, na sake ƙirgawa, tun da ni ban ɗaga ba kuma mu goma sha takwas ne. Na ƙarshen hannun Tolofisa ne, da ludayi. Na cire shi daga lissafi, na rubuta goma sha bakwai.

Madam Kemigisa ta karɓi littafin bayanin taro. Doka ta ce a karanta shi a bainar jama'a kafin sa hannu, saboda haka ta karanta, da sauri amma da murya. Ta karanta addu'o'i huɗu da mintocinsu. Ta karanta shigar kaza da fitarta. Ta karanta, "Ƙarfe uku da minti goma sha biyu, haƙoran Mista Balikowa na sama suka bar mazauninsu, aka dawo da su." Ta karanta, "Ƙarfe uku da minti arba'in da huɗu, Mista Balikowa ya shige ƙarƙashin tebur, wandonsa ya rabu daga baya." Wakilin Mbarara ya fita waje don ya yi dariya da ladabi, amma ana jinsa ta taga.

Ta ce, "Shekara goma sha biyu ina zuwa taruka, ban taɓa ganin bayani mai tsabta irin wannan ba. Wannan tabon kuma?"

Na ce, "Miyar gyaɗa ce, Madam. Na rubuta a gefe."

Ta sa hannu ƙarfe uku da minti hamsin da takwas, ta buga hatimi, ta ce tawaga za ta je gasa. Byekwaso ya kai ta tasha a babur cikin ruwan sama.

Kafin a watse, sabuwar shugaba ta kawo shawara biyu, aka amince da su cikin minti ɗaya. Ta farko, a naɗa ni magatakardar tarayya ba tare da wa'adi ba, muƙamin da ba ya bukatar takara. Ta biyu, a soke dukan sassan kundin da suka shafi faifai, in ban da na biyar da na tara, waɗanda wakilai suka ce a bar su har abada don tunawa da wanda ya rubuta su. Tolofisa ta ɗaura mini zane a ƙugu, ta ce, "Magatakarda, tukwane."

Zaɓe na gaba sai bayan shekara huɗu. Kowace safiya nakan tsaya a baranda da faifai a hannu, Tolofisa tana ƙirga tana tsince wake. A farkon wannan wata na sauko da sunana da takarduna zuwa daƙiƙa goma sha ɗaya, da haƙora a mazauninsu, har da sabon muƙamin. Ganin na kusa, sai na shiga wani kwas na mako shida a kan shugabancin wasanni, domin in zama a shirye. Jiya aka kammala, na zo na ɗaya, aka ba ni takardar shaida.

Yau da safe mun auna. Goma sha uku.